John Rolfe da Zuri'arsa: Taba, Aure da Tutiyar Asali

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa littattafan tarihin mulkin mallaka zai tarar gwamnoni da kwamandojin yaƙi ne suka cika shafukansu, su ake haddace sunayensu da shekarun da suka ci wannan gari ko wancan. To, amma akwai wani rukuni na Turawa da ba a cika kula da su ba, watau 'yan kaka-gida, waɗanda suka haye teku da niyyar zama dindindin, su yi noma, su yi aure, su hayayyafa a ƙasar wasu. A cikin wannan ɗan rubutu ina so in ɗauki mutum ɗaya daga cikinsu, mai suna John Rolfe, mutumin Ingila, wanda ya sauka a Bajiniya ta ƙasar Amurka a shekarar 1610, in bi sawunsa da na zuri'arsa har zuwa zamaninmu.

Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, abubuwa uku da suka gina Bajiniya duk sun ratsa ta hannunsa: noman taba, da hulɗa da masu ƙasar, da farkon shigowar bayi daga Afirka. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi, shi ne yadda zuri'ar wannan mutum ta yi da asalinta. Sun gaji jini biyu, na baƙo da na ɗan ƙasa, sai mu ga wanne suka bi a aikace, wanne kuma suka ajiye don ado.

Saukar Baƙi

A shekarar 1606 Sarkin Ingila James na Ɗaya ya ba wasu attajiran Landan takardar izinin kafa kamfanin da aka sani da Kamfanin Bajiniya. A watan Mayu na 1607 mutanen kamfanin su 104, maza da yara, suka sauka a bakin wani kogi, suka kafa sansanin da suka raɗa wa suna Jamestown. Ƙasar ba fili ba ce da babu mai shi. Akwai ƙabilu kimanin 30 a ƙarƙashin wani babban sarki mai suna Wahunsenaca, wanda Turawa suka fi sani da Powhatan, kuma ana ƙiyasta yawan jama'arsa daga 14,000 zuwa sama. Manoman masara ne da wake da kabewa, masu su da farauta. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Da farko haka mutanen Powhatan suka ɗauki waɗannan baƙi, suka riƙa sayar musu da masara suna karɓar tagulla da duwatsun wuya.

Shi John Rolfe an haife shi wajen 1585, ana kuma danganta gidansu da garin Heacham na gundumar Norfolk. Ya baro Ingila da matarsa a watan Yuni na 1609 cikin wani jirgin ruwa mai suna Sea Venture. Guguwa ta afka wa jirgin, ta jefa shi kan duwatsun tsibirin Bamuda, amma mutanen ciki duk suka tsira. Suka yi wajen wata goma a tsibirin suna ƙera wasu ƙananan jirage biyu. A nan matarsa ta haifi 'ya mace, aka sa mata sunan tsibirin, ba ta daɗe ba ta rasu, uwar ma ba da jimawa ba ta bi bayanta.

Da suka iso Jamestown a watan Mayu na 1610, sai suka tarar da abin tausayi. Zumunci ya riga ya lalace tsakanin baƙi da masu gida, domin Turawa sun koma ƙwace masara da bakin bindiga, mutanen Powhatan kuwa suka tsare su a cikin sansani duk tsawon hunturu. Yunwa ta yi musu kisan ƙare-dangi, kimanin mutum 60 kawai aka samu da rai. Sun cinye dawakai da karnuka da ɓeraye, kai har gawa wasu suka ci, kuma ƙasusuwan wata yarinya da masu tonon kayan tarihi suka samu a wurin a 2012 sun tabbatar da haka. Har sun tattara kayansu sun shiga jirgi za su koma gida, sai suka ci karo da jiragen agaji a bakin kogi, aka juyo da su.

Ganyen da Ya Ceci Kamfani

Masu hannun jari a Landan zinariya suke jira, ba ta kuwa samu ba. An gwada sana'ar gilashi da katako da kwalta, duk ba su biya ba. Rolfe kuwa mashayin taba ne. Ya lura cewa tabar da mutanen ƙasar suke shukawa tana da ɗaci da kaifi a maƙogwaron Bature, alhali wadda 'yan Sifen ke nomawa a tsibiran Karibiyan tana tsada a kasuwannin Turai. Sai ya samo irinta, ya fara gwadawa a 1612. A 1614 aka aika da ganguna kaɗan zuwa Ingila, aka saye su nan take. Kafin 1617 abin da aka fitar ya kai laba 20,000, mutane suka bar noman abinci, har a kan titunan Jamestown da filin kasuwa ana shuka taba. Sarki James da kansa ya taɓa rubuta ƙasidar sukar shan taba a 1604, amma da kuɗin fito suka fara shiga baitulmalinsa, sai adawar ta tsaya a baki. Taba ta zama kuɗi a Bajiniya. Lokacin da kamfani ya fara aiko da 'yammata don a aura, laba 120 ta taba ango yake biya kuɗin jirgin amaryarsa, daga baya aka mai da shi 150.

Ya kamata mu tsaya mu dubi halin wannan shuka, domin a ciki sauran labarin yake. Taba tana tsotse ƙarfin ƙasa cikin shekara uku zuwa huɗu, sai manomi ya nemi sabon saura. Sa'an nan tana bukatar hannaye da yawa, tun daga dashe da cire tsutsa, har yanka da shanya da ɗauri. Watau mai noman taba kullum yana cikin yunwa biyu, yunwar fili da yunwar lebura. Filin na mutanen Powhatan ne. Leburan kuwa, da farko talakawan Ingila ne da ke jinginar da kansu na wasu shekaru a bakin kuɗin jirgi, daga baya aka koma kan 'yan Afirka. A 1618 kamfani ya fito da tsarin ba da eka 50 ga duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya, don haka mai kuɗi yana samun lebura da gona a ciniki guda.

Auren 'Yar Sarki

Powhatan yana da 'ya mai suna Matoaka, wadda aka fi sani da laƙabinta Pokahontas, an haife ta wajen 1596. Masu kallon fim ɗin zane na kamfanin Disney na 1995 sun san ta a matsayin masoyiyar wani Bature John Smith, to amma ba ta fi shekara 11 ba lokacin da ta san shi, kuma ya bar ƙasar tun 1609. Abin da ya faru da gaske ya fi wannan ɗaci. A watan Afrilu na 1613 wani kyaftin mai suna Samuel Argall ya haɗa baki da wani hakimin ƙabilar Patawomeck, aka yaudare ta ta shiga jirginsa, aka ba hakimin tukunyar tagulla lada. Aka tsare ta garkuwa don a tilasta wa ubanta ya saki fursunonin Turawa, ya mayar da bindigogi. Wani marubucin Turawa na lokacin, William Strachey, ya ambata cewa tana da miji ɗan ƙabilarsu mai suna Kocoum, tarihin baka na ƙabilar Mattaponi ma haka ya ce.

A inda take tsare ne wani limamin coci, Alexander Whitaker, ya koya mata addinin Kirista, aka yi mata baftisma da suna Rebecca, a nan kuma Rolfe ya gan ta. Ya rubuta wa Gwamna Thomas Dale doguwar wasiƙa yana neman izinin aurenta, wasiƙar tana nan har yau. A ciki ya yi ta rantsuwa cewa ba sha'awa ce ke jansa ba, amfanin mallakar ne, da martabar ƙasarsa, da ceton ran yarinyar, sa'an nan ya siffanta tarbiyyarta da ta dabbanci, danginta kuma da la'anannu. Mai karatu sai ya auna da kansa irin neman auren da ake fara shi da zagin surukai. An ɗaura auren a watan Afrilu na 1614. Powhatan bai halarta ba, ya aiko kawunta da 'yan'uwanta maza biyu. Yaƙi ya lafa har shekara takwas, a cikin wannan lafawa kuwa gonakin taba suka bazu hagu da dama a bakin kogin James. A 1615 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Thomas.

A 1616 kamfani ya kai ta Landan da mijinta da jaririn da wasu danginta, don a nuna wa masu hannun jari cewa mutanen ƙasar suna karɓar wayewa, su ƙara zuba kuɗi. Aka sa mata kayan Turawa, aka zana hotonta, aka kai ta fadar sarki kallon wasa. An ruwaito cewa wani ɗan majalisar ubanta da ke cikin tawagar, Uttamatomakkin, ya zo da sanda don ya riƙa tsaga alama yana ƙidaya mutanen Ingila, da ya ga yawansu sai ya jefar da sandar. A watan Maris na 1617, suna kan hanyar komawa, ciwo ya kama ta, aka sauke ta a garin Gravesend, a nan ta rasu aka binne ta, tana da shekara 20 ko 21. Turawa suka ce cuta ce, tarihin bakan Mattaponi ya ce guba aka ba ta. Rolfe ya bar yaron a Ingila, inda baffansa Henry Rolfe ya yi renonsa, shi kuwa ya koma gonarsa. Uba da ɗa ba su sake ganin juna ba.

Wasiƙar 1620 da Ƙarshen Rolfe

Rolfe ya riƙe muƙamin magatakardan mallakar, ya kuma zauna a majalisar gwamna. Ya sake aure, ya auri Jane Pierce, ta haifa masa 'ya mai suna Elizabeth. A watan Janairu na 1620 ya rubuta wa ma'ajin kamfani, Sir Edwin Sandys, rahoton abubuwan da suka gudana, a ciki ya ambata a taƙaice cewa a ƙarshen watan Agusta na 1619 wani jirgi ya kawo baƙar fata ashirin da 'yan kai, gwamna da babban ɗan kasuwar kamfani suka saye su da abinci. Binciken masana ya gano asalin waɗannan bayin Allah. Daga yankin Angola aka kamo su, aka loda su 350 a tashar Luwanda cikin jirgin 'yan Fotugal za a kai su Meziko, 'yan fashin teku na Ingila suka tare jirgin suka kwashi wasu. Wannan layi guda na wasiƙar Rolfe shi ne shahararren rubutu na farko game da zuwan 'yan Afirka Bajiniya, kuma ya sa shi ne a tsakiyar lissafin kaya da jirage.

Powhatan ya rasu a 1618, ragamar mulki ta koma hannun ɗan'uwansa Opechancanough, wanda ya ga cewa raɓar nan ta ƙi bushewa. Ranar 22 ga Maris 1622 mayaƙansa suka afka wa gonakin Turawa da safe, suka kashe mutum 347. A cikin wannan watan Rolfe ya rubuta wasiyyarsa yana kwance ba lafiya, a shekarar kuma ya mutu, bai cika 40 ba. Turawa suka yi ramuwar gayya, suna ƙona garuruwa da gonakin masara, a 1623 ma suka kira zaman sulhu suka ba mahalarta giya mai guba. A 1624 sarki ya soke izinin kamfani, ya karɓi mulkin ƙasar kai tsaye. Wanda ya karanta yadda Kamfanin Neja ya share fage daga 1886, gwamnatin Birtaniya ta karɓa a 1900, zai gane wannan salo.

Ɗan da Ya Zaɓi Gefe

Thomas Rolfe ya girma a Ingila a matsayin Bature, ya dawo ƙasar haihuwarsa wajen 1635 don ya karɓi gadon ubansa. A 1641 ya rubuta wa gwamna yana neman izinin ziyartar Opechancanough da wata innarsa. Jikan sarkin ƙasa ke nan, sai da takardar baƙo zai gai da dangin uwarsa. Bayan shekara uku, a 1644, tsohon sarkin ya sake kai hari, yaƙi ya ɓarke. A 1646 aka kama shi, ya tsufa tukuf ba ya iya tafiya, wani mai gadi ya harbe shi ta baya a Jamestown. A yarjejeniyar da ta biyo baya, mutanen Powhatan suka sallama duk ƙasar da ke tsakanin kogin York da kogin James, aka kuma halatta kashe duk ɗayansu da aka gani a ciki ba tare da rigar shaida ba. A shekarar nan ce majalisar mallakar ta danƙa wa Thomas Rolfe wani sansanin tsaro a bakin kogin Chickahominy, da muƙamin laftana da eka 400, don ya tsare iyaka daga dangin mahaifiyarsa. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, to Thomas ya gaji nasa ba ragi.

'Ya ɗaya ya bari, Jane Rolfe. Ta auri Kanar Robert Bolling a 1675, ta haifi ɗa guda, John Bolling, a 1676, ta rasu a shekarar. Watau tsatso uku a jere zuri'ar tana rataye a kan rai ɗaya. Shi John Bolling, tattaɓa-kunnen Pokahontas, shi ne ya haifi namiji ɗaya da mata biyar, daga nan reshe ya yaɗu cikin manyan gidajen Bajiniya. Har laƙabi aka yi musu, ana kiransu jajayen Bolling, don a bambanta su da fararen Bolling, 'ya'yan matar Kanar ta biyu.

A daidai wannan zamani ne dokoki suka riƙa tsananta. Dokar 1662 ta ce ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa. Dokar 1691 ta haramta aure tsakanin farar fata da baƙar fata ko 'yan asalin ƙasar, wanda ya yi a kore shi daga mallakar. Da John Rolfe ya yi nasa auren a lokacin, da korarsa za a yi.

Manyan Gida

Ɗaya daga cikin 'ya'yan John Bolling, Jane, ta auri Richard Randolph, ɗan gidan da ya fi kowane ƙarfi a Bajiniya. Jikansu, John Randolph na Roanoke, ya shiga majalisar dokokin Amurka a 1799, ya yi suna wajen kaifin harshe, ya yi sanata, ya yi jakada a Rasha, kuma ba ya gajiya da tutiyar cewa shi jinin Pokahontas ne. Bayi ɗaruruwa ke masa noman taba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a yi masa adalci, da zai mutu a 1833 ya bar wasiyyar a 'yanta su, a saya musu gonaki. Dangi suka kai ƙara, shari'a ta ci fiye da shekara goma, sai a 1846 mutum 383 suka kama hanyar jihar Ohayo. Da suka isa filin da aka saya musu, fararen wurin suka fito da bindigogi suka kore su, suka watsu cikin garuruwan maƙwabta.

Daga wannan reshe kuma aka sami Thomas Mann Randolph, gwamnan Bajiniya daga 1819 zuwa 1822, mijin 'yar Shugaba Thomas Jefferson. Ɗansa George Wythe Randolph ya riƙe ministan yaƙi na jihohin Kudu a 1862, lokacin da suka ɓalle don kare bauta. Wani tsohon gwamnan, Wyndham Robertson, shi ma jinin gidan, ya wallafa littafin salsalar zuriyar a 1887. Sai kuma Edith Bolling, wadda ta auri Shugaba Woodrow Wilson a 1915. Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi a 1919, ita ce ta riƙa tantance wanda zai gan shi da takardar da za ta isa gabansa.

Me ya sa waɗannan manyan mutane, masu ƙyamar cuɗanyar jini, suka riƙe wannan kaka da hannu biyu? A ganina amsar tana cikin zancen ƙasa. Wanda ya karɓi gona da ƙarfi kullum yana neman hujjar da za ta wanke shi, kuma babu hujjar da ta kai ta gado. In kakarka 'yar sarkin ƙasa ce, wadda ta bar addinin iyayenta da sunanta ta bi naka, to kai magaji ne. Shi ya sa a 1840 aka rataya babban hoton baftismarta a zauren majalisar dokoki da ke Washinton, shekara biyu kacal bayan da sojoji suka fara kora ƙabilar Cherokee daga ƙasarsu zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya.

Dokar 1924

Abin ya kai ƙarshensa a 1924, lokacin da majalisar Bajiniya ta zartar da dokar tsarkin jinsi. Dokar ta raba mutane gida biyu, farare da masu launi, ta ce fari shi ne wanda babu ko ɗigon wani jini a jikinsa, ta kuma hana shi auren kowa sai fari. Nan fa aka yi cirko-cirko, domin da wannan ma'auni manyan gidajen jihar sun fita daga farare. Sai aka saka togiya cewa wanda jinin 'yan asalin ƙasar a jikinsa bai wuce kashi 1 cikin 16 ba, fari ne. Mu yi lissafi: Thomas rabi ne, Jane rubu'i, John Bolling kashi 1 cikin 8, 'ya'yansa kashi 1 cikin 16. An ɗinka rigar daidai da jikin masu ita, har ana kiran togiyar da sunan Pokahontas.

Su kuwa ainihin mutanenta, Pamunkey da Mattaponi da Chickahominy da Rappahannock da sauransu, sai suka faɗa hannun Walter Plecker, shugaban ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar daga 1912 zuwa 1946. Ra'ayinsa shi ne babu sauran ɗan asalin ƙasa na gaskiya a Bajiniya. Ya sa aka riƙa sauya takardun haihuwa ana rubuta su masu launi, ya tsorata ungozomomi da hukunci, a 1943 ya rarraba jerin sunayen iyalai ga magatakardan gundumomi don kada a yi kuskuren rubuta su da sunan ƙabilunsu. An share al'umma da alƙalami. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hanin auren, a shari'ar Richard da Mildred Loving, ma'auratan da aka kora daga jihar saboda aurensu na 1958. Amma ɓarnar takardu ta daɗe tana bibiyar ƙabilun, domin gwamnatin tarayya ba ta amincewa da ƙabila sai ta kawo shaidar rubutu cewa ba ta taɓa yankewa ba. Pamunkey, ƙabilar Powhatan kansa, sai a farkon 2016 amincewarsu ta tabbata, wasu shida kuwa sai da majalisar tarayya ta yi musu doka ta musamman a 2018.

Kammalawa

A taƙaice, John Rolfe bai ci gari da yaƙi ba, amma irin da ya shuka a 1612 ya ci ƙasar da bindiga ta kasa ci, ya kuma buɗe ƙofar da aka shigo da 'yan Afirka cikin sarƙa. Zuri'arsa ta dubban mutane ce a yau, a ciki an yi gwamnoni da 'yan majalisa da matar shugaban ƙasa. Sun ɗauki sunan kakarsu suka yi rawani da shi, danginta kuwa aka bar su da 'yan filaye biyu a bakin kogi, na Pamunkey kimanin eka 1,200, na Mattaponi kimanin 150. Duk da haka suna nan. Kowace shekara a watan Nuwamba shugabannin ƙabilun biyu sukan kai wa gwamnan jihar barewa a birnin Richmond, bisa yarjejeniyar 1677, don su tuna masa cewa akwai alkawari tsakaninsu, kuma su ba su saɓa ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar nazarin salsala da tarihin gidaje ita ce, duk lokacin da aka miƙo mana jerin kakanni, mu tambayi wanda ya rubuta shi, da lokacin da ya rubuta, da abin da yake nema da shi, mu kuma nemi sunayen da aka tsallake. A gidan Rolfe waɗanda aka tsallake sun fi waɗanda aka rubuta yawa, su ne masu filin da aka noma da masu hannun da suka noma shi.